Loko a Kan Tebur: Yadda Ake Ƙera Rumfar Kan Jirgi a Sa Mata Wuta

(Jiniyar jirgin ƙasa, sannan ta lafa)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gude da Garo da Kabo da Gwarzo, da sauran garuruwan wannan yanki na yammacin Kano. Shirin yau na masu aikin hannu ne: yaran nan da ke ƙera motar kara da ta langa-langa, da malaman da ke koyar da su, da kuma iyayen da ke korar su daga zaure don sun cika shi da tarkace. Wanda ke da biro da takarda a kusa ya jawo su, saboda akwai 'yan lambobin da zan faɗa waɗanda kunne kaɗai ba zai riƙe ba.

Da an yi girbi, kara ya bushe, duk lungun da ka leƙa a Gude za ka tarar da yara sun duƙufa. Wannan na fere ɓawon kara, wancan na yanka totuwar ciki yana yin taya, can kuma wani ya kammala tirela har da madubi. Hannu dai akwai shi. Abin da nake so mu ɗora a kai yau shi ne awo da lura, kuma zan yi amfani da gini guda ɗaya: rumfar da ake kwantar da kan jirgin ƙasa, a duba lafiyarsa, a shirya shi kafin ya fita, wadda ma'aikatan reluwe ke kira loko. Za mu gina ta ƙarama, yadda za ta zauna a kan tebur, mu ƙawata ta, mu kunna mata fitila.

Wani zai ce, malam, ina ruwan Gude da jirgin ƙasa, alhali dogo bai ratsa ta nan ba? Gaskiya ne bai ratsa ba. Hanyar Kano zuwa Zariya ta bi ta Chalawa da Madobi da Dangora ne, ta bar mu a gefe. Amma gyaɗar da kakanninmu suka noma a ƙasar nan, jaki ya kai ta Kano, a tarago ta ƙarasa Legas. Dogon ya iso Kano a 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas. Daga Baro aka faro shi, a bakin kogin Kwara, lokacin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne ɗan asalin Kanada, kuma talakawa ne aka riƙa ɗiba ta hannun hakimai da dagatai suka yi aikin digar. A 1912 aka haɗe shi da reluwen Legas suka zama abu guda. Reshen Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, na Nguru a 1930. Ga kuma sabon dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Yaron da ke fere kara yau, wa ya san inda zai ci abinci gobe?

Wannan sana'a ta ƙera ƙananan jiragen ƙasa tsohuwa ce a Turai, kuma manya ne suka fi yin ta. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da dogon wasa mai daidaitaccen awo tun 1891. A birnin Hamburg akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da wasu tagwaye suka buɗe a 2001, inda aka shimfiɗa garuruwa da tashoshi ƙanana, jirage na ta kai da komo, kuma duk bayan minti 15 a rage haske dare ya yi, fitilun gidaje su kama. Su can saye suke yi a kanti, har ɗan mutum da ɗan bokitinsa. Mu nan ba sai mun kwaikwayi rumfar Ingila mai bulo ja da ciyawa shar ba. Tamu za mu gina, mai rufin kwano da jar ƙura da darbejiya a bakin ƙofa, da kayan da ke cikin shararmu.

Kafin a taɓa reza, sai an san me ake yi a cikin rumfar, don kowane ƙaramin abu da za a sa, aikinsa ne ya kawo shi wurin. Kan jirgin kwal kamar doki yake: idan ya dawo daga tafiya sai an ba shi ci da sha, an share masa turke, an duba ƙafarsa. Da ya shigo fili, a tsayar da shi kan wani rami a zazzage toka da ƙurar wuta. A matsa da shi gaba a loda masa kwal, wanda tun daga 1916 daga Inugu aka riƙa haƙo shi. A cika masa tanki da ruwa. A zuba masa busasshen yashi a wani akwati, don idan ƙafa tana sulɓi a kan dogo direba ya saki yashin ta kama. Sannan ya shiga rumfa, ya tsaya a kan wani dogon ramin da makanikai ke sauka su duba cikinsa daga ƙasa, su sa mai, su ɗaure abin da ya kwance. Lokaci-lokaci a kashe wutar gaba ɗaya, a wanke tukunyar, saboda ruwa na barin dauɗa mai tauri a ciki. Hura wuta daga sanyi har tururi ya taru yana cin sa'o'i, shi ya sa tun cikin dare masu hura wuta ke aiki. To kun ji dalilin fitila: loko wuri ne da ba ya barci.

Daga tsakiyar shekarun 1950, daidai lokacin da aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya a 1955, kawunan dizal suka fara shigowa, sannu a hankali suka ture na kwal. Wannan ya shafi maƙerinmu kai tsaye. Sai ka zaɓi zamani tun farko. Idan zamanin kwal ne, akwai tulin kwal da ramin toka da tankin ruwa a sama, kuma komai baƙi ƙirin da hayaƙi. Idan na dizal ne, tankin mai da durom-durom za a gani, ƙazantar kuma ta sauka ƙasa, baƙin mai tsakanin dogo biyu. Ni dai zamanin kwal na fi so, don ya fi ba ido abin kallo. Wanda zai ƙera kan jirginsa ma, ga samfuri: akwai waɗanda aka fara kawowa daga Birtaniya a ƙarshen shekarun 1940, aka raɗa musu sunayen koguna. Ƙafafunsu ƙanana biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, ƙanana biyu a baya. Tsofaffin hotunansu na nan a intanet, kuma wanda hanya ta kai shi Legas ya leƙa gidan tarihin reluwe na Jaekel House a Ebute Metta.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu ga awo, kuma nan ne motar kara ke rabuwa da aikin gwani. Yaro kan yi mota tayarta ta kai rabin jiki, direbanta ya fi ƙofa tsawo, kuma ba laifi, wasa ne. A aikinmu, komai da komai sai an rage shi da lamba ɗaya. A Turai sun fi amfani da ɗaya bisa 87. Wannan ya yi ƙanƙanta ga mai aiki da reza da kwali, lissafinsa kuma da wuya. Ina ba da shawarar ɗaya bisa 50. Ma'ana, kowace mita ɗaya ta zahiri ta zama santimita 2 a kan tebur. Shi ke nan dokar.

A rubuta. Faɗin tsohon dogonmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. A tebur ya zama milimita 21. Sabon dogo irin na Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ne; ya zama kusan milimita 29. Mutum mai matsakaicin tsawo ya zama santimita 3 da rabi. Ƙofar da kan jirgi zai shiga, mu ba ta mita 5 tsaye da mita 4 a kwance, ta zama santimita 10 da 8. Rumfa mai layi biyu, tsawon mita 25 da faɗin mita 11, ta zama santimita 50 da 22. Durom ɗin mai bai kai santimita 2 ba. Dabara ɗaya: tun farko ka yanka ɗan tsinke mai tsawon santimita 3 da rabi, ka ce wannan shi ne mutum. Duk abin da ka ƙera, ka tsayar da tsinken kusa da shi. Idan bokiti ya kai masa ƙirji, a sake bokiti.

Ƙasan aikin ya zama falanki ko filawud, a ɗora kwali mai kauri ninki-ninki har ya kai santimita 2, domin a samu zurfin da za a yanke ramin makanikai tsakanin dogo biyu. Dogo kuwa, wayar ƙafar keke ta yi daidai, ko ƙarafan tsohuwar laima. A waje, a jera tsinken ashana bibbiyu a manne a ƙarƙashinsa, tazarar santimita ɗaya da rabi, a zuba yashi mai tsakuwa-tsakuwa da aka tankaɗe. Kada a sa tsakuwar gini; a wannan awo kowace ɗaya ta zama dutsen da mutum biyu ba za su ɗaga ba. A cikin rumfa kuwa ba a ganin waɗannan katakai, daɓe ne ya taso daidai da kan dogo don ma'aikata su ji daɗin tafiya. Mutane da yawa kan manta da wannan.

Bango kwali ne, a tokare shi daga ciki da ɓawon kara don kada ya lanƙwashe idan ya sha gam. Tagogi dogaye, a yanko su daga farar gorar ruwa, a zana musu ƙarfe da baƙin biro. Ƙarafan da ke riƙe rufi, a yi su da tsinken tsintsiya, alwatika-alwatika, a jera su tazarar santimita 8 ko 10. A manna su a jikin bango, rufin kuma a bar shi yadda za a iya ɗaga shi a ajiye gefe. Zan faɗi dalili idan mun zo kan wuta. A tsakiyar rufi, daidai saman dogo, a bar doguwar kafa mai 'yar hula a kanta. Ta nan hayaƙi ke fita a rumfar gaske.

Rufin kwano na da tarko. Kowa hankalinsa kan tafi ga kwalin taliya, a ɓare fatar sama a ga layi-layi, a ce ga kwano. Layin nan ya yi girma ƙwarai. Tudun kwanon gaske da na kusa da shi inci 3 ne tsakani, a awonmu milimita ɗaya da rabi kacal. Ga mafita: a samo takardar alminiyon nan da ke rufe bakin gwangwanin madarar gari, ko kwanon alminiyon da ake zuba abincin sayarwa. A shimfiɗa ta kan tsohon silifas, a samo ƙusa mai zare irin ta noti mai kaurin milimita 10 a wurin bakanike, a danna a mirgina. Zaren wannan ƙusa tazararsa milimita ɗaya da rabi ce cif. Sai a yanka falle-falle, santimita 4 da ɗaya da rabi, a jera suna hawa kan juna. A bar ɗaya ya ɗan ɗage, wani ya ɗan lotse. Rufin da iskar bazara ta yi shekaru tana duka ba ya zama a miƙe.

Sai dauɗa, wadda ita ce rabin kyawun aikin. Sabon maƙeri yakan shafa fenti mai sheƙi, ja da kore, ya ce ya gama. Duk wanda ya taɓa shiga garejin manyan motoci ya san ba haka wurin aiki yake ba. Sai dai ita ma dauɗar tana da ƙa'ida: inda aiki ke barin ta, nan take zama. Kunkunniya tana saman ƙofa, a tsakiya, daidai inda bututun hayaƙi ke wucewa, tana raguwa zuwa gefe. A kankaro ta daga gindin tukunya, a ɗiba da auduga a shafa kaɗan-kaɗan. Tsatsa tana gangarowa ne daga kan ƙusa zuwa ƙasa, bin hanyar ruwan sama. Jar ƙasa da aka niƙa aka dama da ɗan gam ta wadatar. Gindin bango ya yi ja saboda fantsamar ruwan damina. Gefen ƙofa, daidai tsayin kafaɗa, ya yi duhu don nan ake jingina. Baƙin mai yana bakin rami da inda durom ke zama. Kada a zuba man gaske, zai jiƙe kwali ya yi wari. Baƙin fenti da ɗigon farin jan-farce shi ke ba da sheƙin. Kwal, gawayi ne a daka a tankaɗe. Toka kuwa tokar murhu ce, ba ta da madadi. A ƙarshe a busa 'yar ƙura mai laushi a kan komai, don a ƙasar Kano babu rufin da hunturu ya ƙyale.

Kayan ciki kada su yi yawa. Teburin makanikai a jikin bango, tsani, durom uku ko huɗu na murfin biro, tayar jirgi guda biyu a ajiye, allon da ake rubuta sunan direba da lokacin fitarsa, bokitan yashi na kashe gobara a rataye. Sannan abin da zai nuna nan Arewa ce: buta da tabarma a kusurwa, keke a jingine, teburin mai shayi a bayan shinge, akuya a inuwar tanki. Daga nesa a tara 'yan buhunan yumɓu su yi dala, irin dalar gyaɗar da aka san Kano da ita tun zamanin Alhassan Ɗantata. Kada a yi su da gyaɗar gaske ko wake, ɓera zai yi muku rusau a dare ɗaya. Game da mutane, na san akwai gidajen da ba a son sassaƙa surar mai rai, kuma ba dole. Hula a rataye, ƙofa a buɗe, guduma a kan tebur, sun isa su nuna akwai mai aiki, ya ɗan zaga ne. Wanda zai sa su, ya sa kaɗan, kuma a tsaye ko a zaune. Mutumin da aka daskarar yana tsakiyar gudu ba ya gamsar da ido.

(Ɗan kiɗa)

To mu zo kan wuta. Gargaɗi tukuna, kuma iyaye ku saurara. Wannan gini kwali ne da kara. Babu kyandir, babu aci-balbal, babu ashana a kunne kusa da shi. Haka nan babu jona shi da wutar NEPA ko ta janareto kai tsaye, ko da wasa. Batirin tsohuwar waya da ya kumbura, a bar shi. Idan aka huda shi ko wayoyinsa suka haɗu yana kamawa da wuta. Batir uku irin na rediyo, a jere, su ne abin da muke buƙata. Kowanne bolt ɗaya da rabi, jimla huɗu da rabi.

Ƙwan da za mu sa shi ne ɗan ƙaramin nan na tocila, wanda masu gyara ke kira led. Ba ya zafi, ba ya shan batir sosai, kuma duk matacciyar tocila na ɗauke da su. Wanda ke son sababbi, masu kayan rediyo a kasuwar Sabon Gari na sayarwa, kuma mai gyaran rediyo na garinku ba zai rasa ba. Yana da ƙafa biyu. Doguwar tana zuwa ɓangaren batir mai alamar tarawa, gajeriyar ɓangaren ɗebewa. Idan aka juya ba zai kama ba, sai a mayar. Fari yana son kusan bolt 3, ja da rawaya kusan bolt 2. Idan aka ba shi fiye da haka babu birki, zai yi haske sau ɗaya ya mutu.

Birkin shi ne rizista, ɗan abin nan mai zobba masu launi da ke cike cikin tsohon rediyo. Kowane ƙwai a ba shi nasa, a ɗaura a doguwar ƙafa. Ga batir uku, a nemi mai om 470. Zobbansa rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. Lissafin ba wuya: bolt huɗu da rabi a cire ukun da ƙwan ya ci, saura ɗaya da rabi, a raba da 470, ya ba da kusan miliyam 3. Ƙwan na iya ɗaukar har 20, amma ba ma so. Wanda ke da batirin sola mai bolt 12, ya nemi mai om 2,200, shi zobbansa uku duk ja ne, ba ya ɓacewa. Mai om 1,000 kuma ruwan ƙasa, baƙi, ja. Ga mai batir uku, a riƙe shi don wuraren da ake son haske ya ƙara dusashewa. Masu son amfani da fawa-bankin waya su sani, da yawansu kan kashe kansu idan abin da ake ja bai taka kara ya karya ba, sai ka ɗauka waya ce ta tsinke.

Me ya sa muke rage hasken haka? Saboda awo bai tsaya kan bango da ƙofa ba, har haske sai an rage shi. Ƙwan tocila guda a cikin rumfar santimita 50, idan aka sake shi da ƙarfinsa, zai wanke komai fes, ya kashe inuwa, duk wahalar kunkunniya da tsatsa ta tafi a banza. Rumfar gaske da dare tana da duhu. Ƙwai na rataye daga sama, kowanne ya zuba haskensa a ƙasa, tsakaninsu inuwa, saman rufi kuwa baƙi. Ƙwai shida masu rauni sun fi guda ɗaya mai ƙarfi nesa ba kusa ba. A jera su a kan hanyar da ma'aikata ke bi, tsakanin layi biyu da kuma gefen bango. Idan aka sa su daidai saman dogo, bayan jirgi kawai za su haska, gefensa inda ake aiki ya zauna a duhu.

Launi ma abin dubawa ne. Hasken tocila fari ne mai ratsin shuɗi, na zamanin yau. Ƙwan lantarkin da aka yi amfani da shi a zamanin kwal rawaya-rawaya yake. A ɗiga wa kan ƙwan jan-farce mai ruwan lemo, siriri, ko a naɗe shi da ledar alawa mai wannan launi. Idan haskensa na tafiya tsinin mashi, a goge kan da takardar yashi har ya dushe, sai ya bazu. Hular fitila kuwa, ga ledar ƙwayar magani da aka shanye: a yanko ƙoƙon guda, a huda, a zura ƙwan, a shafa wa bayansa baƙi ko kore. Faɗinsa ya yi daidai da awonmu.

Wayar ta zama siririya. Ta cikin lalataccen abin sauraren waya na kunne ta yi, ko jar wayar da ke naɗe cikin tsohuwar tiransifomar rediyo, sai dai a kankare bakinta da reza don tana da rufin da ido ba ya gani. A ja waya biyu a bi da su ta kan ƙarafan rufi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ɗaya ta tarawa ɗaya ta ɗebewa, tsakaninsu da tazara, kowane ƙwai da rizistansa ya sha daga gare su. Daga nan su sauka ta kusurwa, cikin tsinken shan lemo da aka shafa wa baƙi ya zama kamar bututun ruwa, su ɓulla ƙarƙashin falanki inda batir da makunni suke. Kun ga amfanin barin rufi a sake: fitilu na jikin ƙarafa, ana ɗaga rufi a yi gyara ba a tsinka komai ba. A kula kada kwanon alminiyon ya taɓa wayar da ba ta da riga. A manna takarda a cikinsa. Haɗin da ya fi ƙarko na dalma ne, kuma wannan a kai wa mai gyara ko a yi a gabansa. Kowane ƙwai a gwada shi kafin a manne. Masu gwadawa da ɗan batirin nan mai kama da kwabo, ku ɓoye shi daga ƙananan yara, haɗiye shi na iya kisa.

Akwai matsalar da ba a gani sai dare. Kwali na shan haske. Ka kunna, sai ka ga bango gaba ɗaya yana ƙyalli, haske na tsiyaya ta kusurwa da ƙarƙashin gini. Maganinsa tun kafin a haɗa bango: a shafe cikinsa da baƙin fenti, ya bushe, sannan a bi da fari ko toka-toka a kai. Kusurwoyi a liƙe su da baƙar takarda. Gindin bango a binne shi da yashi da gam. Haske ya fito ta ƙofa da taga da kafar hayaƙi kawai. Tagogin ma a ɗan shafa musu kunkunniya, a fasa ɗaya ko biyu.

Idan wannan ya zauna, sai ƙarin gishiri, amma da hannu mai sauƙi. Jan ƙwai guda a ɓoye cikin ɗakin direba, ya zama wutar tukunya tana haska fuskar mai zuba kwal. Ƙwai ɗaya mai rauni a cikin rami, ya haska ƙafafun jirgi daga ƙasa. A ganina babu abin da ya kai wannan kyau a duk aikin. Fitila ɗaya a kan dogon sanda a fili, kusa da tankin ruwa. Wasu kan so su sa mai walƙiya shuɗi a kusurwa, wai ana walda. Guda ɗaya ya isa, kuma a ba shi makunninsa daban, don idan ya yi minti biyar yana ƙyafta ido sai ya gundiri mai kallo. Fitilun nan masu canza launi ja, kore, shuɗi, a bar wa masu adon Keke Napep.

Gwajin ƙarshe a ɗaki mai duhu ake yi. A sunkuya, ido ya zo daidai da tsinken nan da muka kira mutum, a leƙa ta ƙofa. A ɗauki hoto da waya daga wannan tsayi. Hoto ba ya kara: duk gam da ya zubo, duk wayar da ta leƙo, duk bokitin da ya yi girma, zai nuna.

Malaman makaranta, musamman masu koyar da fasaha a ƙaramar sakandare, wannan aiki guda ya ƙunshi lissafin rabo da awo, da zane, da lantarki, da tarihin Kano, kuma kuɗinsa bai kai na littafi ɗaya ba. A raba aji: wasu rufi, wasu dogo, wasu wuta, 'yan mata da maza duka, don hannun da ya iya zanen lalle ba zai gaza zana ƙarfen taga ba. Ɗaliban zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da irin wannan ƙaramin gini na kwali ake gwada su. Idan kuma za a kai yara Kano su ga tasha da idonsu, a nemi izinin hukumar tasha kafin a shiga ko a ɗauki hoto, kuma kada yaro ya taka dogo ko ya shiga ƙarƙashin tarago, ko da ya ga kamar ya shekara bai motsa ba.

Saura ajiya. Gara na son kwali da kara, don haka kada a bar aikin a ƙasa ko jikin bangon ƙasa. A ɗora shi a kan tebur ko a rataye falankin. Da damina a nisanta shi da danshi, da hunturu a kifa masa babban kwali. Idan za a daɗe ba a kunna ba, a cire batir, don idan ya zubar da ruwa yana cinye waya.

Lokacinmu ya cika. Wanda lamba ta kuɓuce masa, ya tambayi mai gyaran rediyo mafi kusa, ya ce masa om 470, zai gane.

(Jiniyar jirgin ƙasa)